Yadda zaka bi lokutan shekara da ƴar sana'arka a Sakkwato

Ni dai abin da na lura dashi, da yawanmu masu ƙaramin jari sai lokacin abu ya kankama sannan muke rugawa kasuwa saro, alhali sa'annan kaya sun yi tsada kuma kowa ya kasa irinsu. Shekarar da na saro barguna ana tsakiyar Janairu ban manta ba, sati ukku sanyi ya ɗauke, haka nan sunka kwana cikin shago har wata shekara, jari ya maƙale. To ga yadda nike yi yanzu.

Da farko ka samu littafi ka rubuta kalanda biyu gefe da gefe, don garin nan da lissafi biyu muke ciniki. Akwai na yanayi wanda baya motsi, wato hunturu, bazara, damina da kaka. Sai na watannin Musulunci wanda ke matsowa baya da kamar kwana 11 kowace shekara. Misali azumin 2025 ya kama ran 1 ga Maris, Babbar Sallah kuma 6 ga Yuni, ka ga na gaba sai ka rage kwanakin nan ka san inda zai faɗo tun kafin fadar Sarkin Musulmi ta sanar da ganin wata. Amfanin abin shine azumin da ya faɗo cikin zafi ƙanƙara da zobo da kankana ke tafiya, wanda ya faɗo cikin sanyi kuwa mai shayi da mai kunu da ƙosai ke dariya.

Na biyu, kowane lokaci ka ƙirga sati shidda baya ka sa alama, ranar nan ce ranar saro. Sati ukku kafin lokacin kuma ka fara talla. Mai kayan masarufi ya tara sukari, gero, man gyaɗa da dabino tun farkon Sha'aban. Mai yadi da atamfa kuma kada ya manta Rajab da Sha'aban lokacin ɗaurin aure ne sosai, kowa na son amarya ta tare kafin azumi, don haka anko da kayan lefe na tafiya tun kafin a zo maganar kayan Sallah.

Bari in ɗan tsaya kan azumi don nan kuɗin suke. Goman farko ciki ake yi ma sayayya, goma na tsakiya hankali ya koma wurin shadda da leshi da takalman yara, goman ƙarshe kuwa tela da mai lalle da mai hula ke da gari. In kai tela ne, don Allah ka rubuta a ƙofar shago ranar da zaka rufe karɓar ɗinki, ka sa a status ɗinka na WhatsApp, kuma ka tsaya kan maganarka ko da ƙanen babanka ne ya zo da yadi. Kayan mutum ɗaya da ka kasa ɗinkawa daren Sallah sai ya ɓata maka sunan da ka shekara kana gyarawa. Lokacin ɗora hoto ma akwai dabara, bayan asham da wajen sahur mutane ke riƙe da waya, da rana tsaka kowa ya galabaita ba mai duba tallarka.

Babbar Sallah ba sai kana da rago a kasuwar dabbobi ta Kara ko Illela ko Achida zaka ci kasuwarta ba. Duk wanda ya yanka zai nemi wuƙa, gawayi, mai, yaji, baho da igiya. Ka haɗa su ƙunshi guda ka sa kuɗi guda, uwargida ta fi son a kawo mata a haɗe da ta aiki yaro wurare biyar.

Na ukku, ka bi yanayi. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato kan wuce digiri 40, mai firiza da sola ya ci riba, in baka da ita ka ƙulla da mai ƙanƙara tun Fabrairu kafin layi ya yi tsawo. Lokacin ne kuma albasar rani ke cika kasuwa tana araha, mai wurin ajiya mai iska ya saya ya adana zuwa damina, amma ka sani tana ruɓewa tana kuma rage nauyi, kada ka zuba jarinka duka. Yuni zuwa Satumba taki, iri, maganin feshi, lema, tamfol da gidan sauro. Satumba komawa makaranta, yunifom da jaka da littattafai. Da kaka gero da wake sun zo gida, mutanen ƙauye na da kuɗi a hannu, ka ɗauki kayanka ka bi kasuwannin mako maimakon zaman jira a shago. Rigunan sanyi na gwanjo, basilin da man kaɗe kuwa tun Oktoba ake saro su.

Na huɗu, ka tara lambobin kwastomominka. Duk wadda ta saya kace Hajiya in ajiye lambarki, in sabbin kaya sun zo in turo miki? Ka yi hoton kayan da hasken safe, ka rubuta farashi ƙarara, wannan "shigo inbox" ɗin na korar mutane wallahi. Ka sa lambar akawun don masu transfa. In kana da ɗan hali, sanarwa a Rima Radiyo na kaiwa ga dattawa da mutanen karkara da basa hawa Facebook.

Na biyar, lokaci na gab da fita ka karya farashi ka fidda ragowar kaya ko da uwar kuɗi ce kawai zata dawo, don da ita zaka saro na gaba. Sannan ka koma littafin nan ka rubuta mi ya ƙare da wuri, mi ya kwanta, nawa ka saro, wa ya ci bashi bai biya ba. In kana adashi ka roƙi uwar adashi ta sa kwasarka ta faɗo daidai ranar saron da ka sa ma alama, ni tawa farkon Sha'aban nike karɓa.