Yadda ake fahimtar gargaɗin guguwar teku da shirya mata

Abu na farko da ya kamata mai sauraron rahoton yanayi ya sani shi ne guguwar iri ɗaya ce, sunanta ne ke sauyawa da wuri: a tekun Atlantika ana ce mata harikan, a yammacin Fasifik taifun, a tekun Indiya kuma saiklon. Tana tasowa ne a inda ɗumin ruwan teku ya kai kimanin digiri 26 da rabi, sai tururi ya yi sama, hadari ya haɗu yana juyawa a kewayen wata cibiya. Da yawa daga cikin waɗanda ke afka wa Amurka da tsibiran Karibiyan sun samo asali ne daga hadarin damina da ke ratsa yankin Sahel ya nufi yamma, har ya faɗa teku ta wajen tsibiran Kef Bad.

Idan an ambaci matakin guguwa, daga na ɗaya zuwa na biyar, to ƙarfin iska ake nufi. Ana raɗa wa guguwa suna tun iskarta na gudun kilomita 63 a awa, tana zama harikan a kilomita 119, mataki na biyar kuwa yana farawa daga 252. Sai dai kada lambar ta ruɗe ka, domin ba ta faɗin yawan ruwan da ke tafe, alhali ruwa ne ya fi hallaka mutane, ko dai tekun da iska ke turowa kan tudu ko kuma mamakon da ke cika koguna. Ambaliya ce ta ci birnin Niyu Olins na Amurka lokacin guguwar Katrina a 2005, haka nan guguwar Idai da ta sauka kusa da Beira a Maris na 2019 ta bar ƙauyukan Mozambik cikin ruwa, mutane suna kwana a kan rufin ɗaki da rassan bishiya.

Saboda haka, wanda ke zaune kusa da gaɓa ya fara sanin ko unguwarsa tana cikin kwari, ya kuma san hanyar fita tun kafin lokacin guguwa, wanda a Atlantika yake kamawa daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba. A tanadi ruwan sha da abincin da ba ya buƙatar girki na aƙalla kwana uku, da magani, da tocila, da rediyo mai batir, a kuma ɗaure fasfo da sauran takardu a leda. Idan hukuma ta ce a tashi, a tashi da wuri, kafin hanyoyi su cunkushe.

Wanda ya zauna a gida ya shige ɗakin da ba shi da taga. Idan iska ta lafa farat ɗaya har sama ta washe, kada ya fito, domin wataƙila cibiyar guguwar ce ke wucewa, kuma ba da jimawa ba iskar za ta dawo da ƙarfinta ta ɗaya ɓangaren. Bayan ta wuce, a guji shiga ruwan ambaliya da ƙafa ko da mota, a nisanci wayoyin lantarki da suka faɗi, janareto kuma a ajiye shi a waje nesa da taga, saboda iskar gubar da yake fitarwa ba ta da wari.