Yadda Ake Haɗa Alawar 'Ya'yan Itace Mai Danƙo a Gida Ba Tare da Jelatin Ba

Alawar nan mai taushi da danƙo da ake sayarwa cikin leda, wadda ake yi wa siffar zobe ko ta ƙananan dabbobi, galibi da jelatin ake ɗaure ta. Shi kuwa jelatin ana samun sa ne ta hanyar dafa fata da ƙasusuwan dabbobi, akasari na alade da na shanu, har sai sun saki sinadarin da ke daskarewa idan ya huce. Saboda haka ne waɗanda suka ƙaurace wa cin duk abin da ya fito daga jikin dabba suke gudun wannan alawa, haka nan Musulmin da ba ya son shiga shubuha yakan ajiye ledar idan ba a bayyana masa dabbar da aka yi amfani da ita ba. Ana iya yin irinta a gida da kayan tsiro zalla, kuma aikin bai kai na dafa tuwo wahala ba, sai dai yana da ƙa'idoji kaɗan waɗanda idan aka saɓa musu alawar ba za ta kama ba.

Asalin wannan alawa ma ba da jelatin ta fara ba. Hans Riegel, wanda ya kafa kamfanin Haribo a birnin Bonn na ƙasar Jamus a 1920, ya fito da alawarsa mai siffar beyar a 1922, kuma da ƙaro ya haɗa ta, wato ƙaron da ake tsinta a jikin itacen ɗakwara, wanda Sudan ta fi kowace ƙasa fitarwa, Chadi da Najeriya kuma suna bin bayanta. Duk da haka ba zan ba mai koyo shawarar farawa da ƙaro ba, domin yana buƙatar a zuba shi da yawa ƙwarai, sannan a yi kwanaki ana busar da alawar a wuri mai ɗumi. Abubuwa biyu ne suka fi dacewa da ɗakin girki na gida: garin agar da garin fektin, sinadaran tsiro masu sa haɗi ya daskare.

Agar ana tatso shi ne daga wata jar ciyawar teku, kuma mutanen Japan sun daɗe suna yin kayan zaƙi da shi tun ƙarni na 17. Ana samun sa a shagunan kayan kek da manyan kantuna, wani lokaci gari, wani lokaci ɓarza ko dogayen zare. Garin ya fi sauƙin aunawa. Idan ɓarza kawai aka samu, babban cokali ɗaya nata shi ne daidai da ƙaramin cokalin shayi ɗaya na garin. Halinsa ya bambanta da na jelatin ta fuskoki biyu da ya kamata a riƙe. Na farko, ba ya narkewa sai ruwan ya kai ga tafasa, don haka ɗumama shi kawai ba ya wadatarwa. Na biyu, yana daskarewa tun ruwan yana da sauran ɗumi, tsakanin digiri 32 zuwa 40 a ma'aunin Salshiyos, kuma da zarar ya daskare ba zai sake narkewa ba sai zafi ya kai wajen digiri 85. Wannan babbar riba ce ga wanda yake zaune inda zafin bazara yake haura digiri 40, domin alawar jelatin tana fara sakin jiki tun daga wajen digiri 35, ita kuwa ta agar tana nan yadda aka yanka ta ko da an ɗauke wuta firji ya huce.

Akwai gaskiyar da ya kamata a faɗa tun da wuri. Agar ba ya ba da irin jan nan na roba da aka saba ji a alawar kanti. Idan aka cije shi yakan tsage ne, ba ya miƙewa. Danƙon da ake nema yana zuwa ne daga rage ruwa da ƙara sukari da busarwa, kuma a nan ne mafi yawan masu gwadawa suke gajiya, su cire alawar daga mazubi su ci nan take, sannan su ce ba ta yi ba.

A fara da mangwaro, domin namansa yana da kauri kuma tsaminsa ba ya da yawa. Za a buƙaci markaɗaɗɗen mangwaro mililita 250, wato kofi ɗaya cikakke, da ruwa mililita 100, da garin agar giram 5, wanda ya yi kusan ƙaramin cokali biyu da rabi, da sukari giram 100, da babban cokali ɗaya na ruwan lemun tsami. Idan ana da ruwan gulukos, wanda masu kek suke amfani da shi, a ƙara babban cokali biyu, domin yana sa alawar ta yi laushi da sheƙi kuma yana hana sukarin komawa tsakuwa-tsakuwa. Zuma tana iya yin kusan wannan aiki, amma mai ƙaurace wa kayan dabba ba ya shan zuma, don haka ba ta cikin lissafi a nan.

A zaɓi mangwaro nunanne sosai, a fere shi, a markaɗa, sannan a tace da rariya mai ƙananan ido ko da kyalle mai tsabta. Tacewar nan ba ado ba ce, domin zaren mangwaro yana shiga tsakanin alawar ya sa ta rabe a inda ya ratsa. A ɗora markaɗen a ƙaramar wuta ya yi ɗumi, a ajiye shi a gefe. Tun kafin a kunna wa agar wuta kuma, a tanadi mazubi a kan tire mai shimfiɗe. Mazubin roba mai laushi wanda aka yi wa ƙananan ramuka ya fi kyau, amma farantin ƙanƙara na firji ma yana yi, haka nan faranti mai ɗan zurfi wanda aka shafa wa ɗan man gyaɗa kaɗan, daga baya a yanka da wuƙa.

A zuba garin agar a cikin ruwan sanyin nan mililita 100 a ƙaramar tukunya, a kaɗa da maburgi, a bar shi ya jiƙa na minti 5. Daga nan a ɗora a matsakaiciyar wuta ana juyawa ba tare da tsayawa ba, domin garin yana son kwanciya a gindin tukunya ya ƙone. Idan ya tafasa a rage wuta, a bar shi yana ɓararraka a hankali na minti 2 zuwa 3. Alamar narkewarsa ita ce a ɗago cokali a duba bayansa: idan ana ganin ƙananan ƙwayoyi kamar yashi a jiki, bai narke ba, idan ruwan ya zama garau kuma yana bin cokalin da ɗan yauƙi, ya yi. Sai a wannan lokaci ne za a zuba sukari da gulukos. Dalilin jinkirta sukarin shi ne yana janye ruwan da agar yake buƙata ya narke a ciki, kuma masu yin kayan zaƙin gargajiya na Japan ma haka suke jera aikin, agar da farko, sukari daga baya.

Idan sukarin ya narke, a zuba markaɗaɗɗen mangwaron mai ɗumi a hankali ana juyawa. Kada a zuba shi da sanyinsa, musamman idan daga firji ya fito, domin duk inda sanyin ya taɓa agar zai daskare nan take ya zama gudaji. A ci gaba da dafawa a ƙaramar wuta na minti 5 zuwa 8, har haɗin ya ragu ya yi kauri, ta yadda idan aka ja cokali a gindin tukunya za a ga hanyar da ya bi na ɗan lokaci kafin ta rufe. A sauke, a jira kamar minti ɗaya, sannan a zuba ruwan lemun tsami a juya.

Tsami shi ne babban abokin gabar agar muddin yana kan wuta. Idan aka tafasa su tare na tsawon lokaci, tsamin yana yanyanka dogayen sarƙoƙin da suke sa agar ya daskare, sai a wayi gari da abu mai kama da kunu wanda ba zai taɓa kamawa ba. Wannan ya shafi duk wanda yake son yin alawar da zoɓo ko tsamiya ko lemun zaƙi, waɗanda a ganina sun fi mangwaro daɗi a wannan alawa saboda tsaminsu yana karya zaƙin sukari. Dabarar ita ce a dafa zoɓon ko a jiƙa tsamiyar daban, ruwan ya yi kauri sosai fiye da na sha, a dafa agar da ruwa da sukari su kaɗai har su ragu, a sauke, sannan a haɗa da ruwan tsamin mai ɗumi. A irin wannan haɗi a ƙara agar ya kai giram 6, a kuma bar lemun tsami gaba ɗaya. Kankana kuwa ruwa ne kusan zalla, sai an dafa ruwanta ya ragu zuwa rabi kafin ɗanɗanonta ya fito. Abarba da gwanda, waɗanda ɗanyensu yake hana jelatin daskarewa saboda sinadarin da ke cikinsu mai narkar da furotin, ba sa yi wa agar wannan illa, tunda shi ba furotin ba ne.

Kafin a cika mazubi, a ɗiga ɗan haɗin a kan faranti mai sanyi. Cikin minti ɗaya ko biyu ya kamata ya daskare har a iya ɗaga shi da farce ba tare da ya manne ba. Idan bai kama ba, a jiƙa rabin ƙaramin cokali na agar a ɗan ruwa, a tafasa shi daban, a haɗa. Idan ya kama, a yi hanzari, domin haɗin yana fara ɗaurewa a tukunya tun yana da ɗumi. Ƙaramin kofi mai baki ko sabon sirinji marar allura yana sauƙaƙa cika ƙananan ramuka. Idan haɗin ya fara kauri kafin a gama, a mayar da shi kan wuta kaɗan ya saki. Minti 20 zuwa 30 sun isa ya daskare ko ba firji.

Bayan an fitar da alawar daga mazubi, a jera ta a kan raga ko a kan takardar gashin kek, kowace ɗaya nesa da 'yar'uwarta, a rufe da kyalle mai shara-shara saboda ƙuda da ƙura, a ajiye a inuwa inda iska take ratsawa. A riƙa juya ta sau biyu a rana. Cikin kwana ɗaya zuwa biyu za a ga ta ɗan tsuke, launinta ya ƙara duhu, bayanta ya daina danshi, kuma idan aka matsa ta da yatsa tana lotsawa ta dawo. A lokacin hunturu iska tana da bushewa, don haka aikin yana sauri, har ma sai an sa ido kada ta ƙeƙashe. Da damina kuwa laima tana iya jawo fumfuna kafin alawar ta bushe, saboda haka gara a busar da ita a cikin firji a buɗe, ko a gaban fanka. A Japan akwai alawar agar da ake zuba wa sukari mai yawa a bar ta kwanaki tana shan iska har bayanta ya yi ɓawo mai ƙaras-ƙaras, cikinta kuma ya tsaya da laushi. Wanda ya ninka sukarin wannan haɗi ya kuma tsawaita busarwa zai samu abin da ya kusanci hakan.

Barbaɗa sukari a bayanta sai bayan ta bushe. Idan aka yi gaggawa, sukarin zai tsotso ruwan da ke ciki ya narke, alawar ta kwana cikin ruwan zaƙi.

Wanda yake son laushi mai ɗan danƙo fiye da abin da agar yake bayarwa, sai ya koma ga fektin, wanda ake samowa daga ɓawon lemu da tuffa, kuma da shi Faransawa suke yin alawarsu ta 'ya'yan itace. Shi halinsa kishiyar na agar ne, domin ba ya kamawa sai da sukari mai yawa da tsami. A gauraya fektin giram 6 da sukari giram 25 tun suna busassu don kada ya yi gudaji, a barbaɗa a cikin markaɗen 'ya'yan itace giram 250 mai ɗumi, a tafasa, sannan a ƙara sukari giram 250 da gulukos giram 50 kaɗan-kaɗan. A ci gaba da juyawa har zafin haɗin ya kai digiri 106 zuwa 107, a sauke, a zuba babban cokali ɗaya na lemun tsami, a juye cikin faranti nan da nan, a bar shi ya kwana kafin a yanka a mirgina cikin sukari. Wannan hanya tana buƙatar ma'aunin zafi na girki, kuma haɗin yana fantsama yana ƙuna ƙwarai, don haka a yi amfani da tukunya mai zurfi da doguwar muciya. Ba a rage sukarinta, domin idan aka rage ba za ta kama ba. Mai son alawa marar zaƙi sosai ya tsaya a kan agar.

Idan za a ƙara kala ta kanti, a karanta jikin kwalbar. Jar kala mai lamba E120 daga jikin wani ƙwaro ake yin ta, E901 kakin zuma ne, E904 kuma daga wani ƙwaro yake fitowa. Agar shi ne E406, fektin E440, ƙaro E414, dukkansu na tsiro ne. Da zoɓo da mangwaro a hannu ma, da wuya a buƙaci wata kala.

Alawar agar tana da sauran ruwa a jikinta ko bayan busarwa, kuma babu maganin hana lalacewa a ciki, don haka a zuba ta a mazubi mai murfi a sa a firji, a cinye cikin kwana 5 zuwa 7. Ta fektin, saboda yawan sukarinta, tana iya yin makonni a wuri mai sanyi da bushewa, matuƙar an raba hawa-hawanta da takarda. Duk wadda ta fara yauƙi ko wari ko farin gashi a jikinta, a zubar da ita. Kada a ba yaron da bai kai shekara 4 ba ko wace iri daga cikinsu, domin agar ba ya narkewa a baki kamar jelatin, kuma guntunsa yana iya maƙale wa yaro a maƙogwaro. Waɗanda suka girmi haka a yanka musu ƙanana, su ci a zaune a gaban babba.