Gina ƙwanji ba tare da tatike aljihu ba

Ni da jarka nake motsa jiki. Jarkar lita 25 idan ta cika da ruwa, kilo 25 ke nan. Rungume ta a ƙirji, bayanka a miƙe, ka tsuguna ka tashi sau 8 zuwa 12, ka huta minti biyu, ka yi haka zagaye uku. Ranar da ta yi maka sauƙi, ƙara nauyi, don tsoka ba ta girma sai an ƙara mata aiki. Na hannu da kafaɗa kuwa, cika gwangwanaye biyu da siminti, ka soka bututun ƙarfe a tsakani. Kwana uku a mako ya isa.

A abinci ake yawan ruɗewa. Mai kilo 60 da ke gina ƙwanji yana buƙatar furotin, wato sinadarin gina jiki, kusan giram 95 kullum, ƙwai ɗaya kuma giram 6 ne kacal. Shi ya sa nake haɗawa da awara, wake, ƙuli-ƙuli, kindirmo da busasshen kifi a miya.

Don Allah ka guji ƙwayoyin ƙara ƙiba da ake kira "sha ka fashe". Dexamethasone, ɗaya daga cikinsu, ruwa yake tarawa a jiki, ya tayar da suga, ya raunana tsokar da kake wahalar ginawa. Ka samu barcin awa bakwai zuwa takwas kowane dare.