Yadda Ake Auna Ra'ayoyin Jama'a Kan Fim Ɗin Don't Look Up

Duk mai son fahimtar abin da ya raba kan jama'a game da wannan fim, wanda Adam McKay ya ba da umarninsa, Netflix kuma ta saka shi a watan Disamba na 2021, sai ya fara da gane cewa habaici ne. Labari ne na masana taurari biyu da suka hango tauraro mai wutsiya zai afka wa duniya cikin kimanin wata shida, amma shugabar Amurka da masu shirye-shiryen talabijin suka yi musu kunnen uwar shegu, kuma abin da ake zunɗe shi ne halin ko-in-kula da ake nuna wa sauyin yanayi.

Daga nan sai ka tantance wanda ke magana kafin ka ɗauki hukuncinsa. Masu sharhin fina-finai da dama sun ce barkwancin ya fito fili ainun, har ya zama tamkar wa'azi, alhali masana yanayi irin su Peter Kalmus sun yaba masa saboda ya nuna takaicin da suke sha idan sun yi gargaɗi an shashantar da su. A ganina kowane ɓangare da abin da yake aunawa, ɗaya gwaninta, ɗaya gaskiyar saƙo, don haka kada ka gwama su wuri guda.

Ka kuma lura da mai ƙorafin, ko fim ɗin ne ya gundure shi, ko kuwa siyasarsa aka taɓa, domin an kwaikwayi rabuwar kan 'yan Amurka ƙarara. Yawan masu kallo ma kada ya ruɗe ka, tunda a lokacin da fim ɗin ya fito Netflix sa'o'in kallo take ƙirgawa, ba gamsuwa ba.