Kurakuran wayarin banɗaki da na gaji da gani a Jos

Da sanyin Disamba ya sauka a Jos, kowa ruwan zafi yake nema, ni kuma wayata ba ta hutawa: "Oga, famfo yana jan mutane." In na je, kusan kullum abu ɗaya ne: an haɗa hita babu wayar ƙasa, wato wadda ke kwashe wutar da ta zurare ta kai ta ƙasa.

Ni ma na taɓa yi. Ina sabon samun 'yanci daga maigidana, na sa hita a wani gida a Rikkos. Wayar ƙasa ba ta kai ba, sai na naɗe ta da tef na cusa a bango, na ce zan dawo. Ban koma ba. Bayan 'yan watanni ƙarfen dumama ruwan ya tsage, wuta ta bi ruwa. Uwargida ta kama famfo da jiƙaƙƙen hannu, ƙafa ba takalmi, wutar ta yi jifa da ita. Allah ya sa da sauran kwana. Ni na biya asibiti, kuma har yau in na tuna gabana faɗuwa yake.

Kada ka ce ai akwai bireka. Bireka waya take karewa daga ƙonewa, alhali wutar da ke tsayar da zuciya ba ta kai ko rabin amfiya ɗaya ba. Na'urar da ake kira RCD mai miliamfiya 30 (miliamfiya dubu ke yin amfiya ɗaya) ita ke yankewa da zarar wuta ta fara zurarewa. Ni ba na haɗa banɗaki sai da ita, kuma nakan ce wa masu gida su danna maɓallin gwajinta duk wata.

Sai masu nuno mini hoton banɗakin Amurka, wai a sa musu soket kusa da madubi. Alhaji, wutarsu bolt 120 ce, tamu 230, kuma tun 1975 ƙa'idarsu ta wajabta GFCI a soket ɗin banɗaki, wato irin RCD ɗinsu, mai yankewa a kusan miliamfiya 5. Ingila, inda muka gaji soket mai baki uku, ba a yarda da soket kusa da wurin wanka ba, fitila ma sau da yawa da igiya ake jan makunninta daga rufi. Kai kuma kana son kwalliyar Amurka ba kariyarta?

Masu jefa hita a bokiti: in an ɗauke wuta, zare daga soket kafin ka tsoma hannu, don ba a sallama lokacin dawo da ita. Makunni ya zauna a waje. Ƙwan fitila ya samu murfi saboda tururi. Wayar ƙari kuwa, kar ta tsallaka ƙofar banɗaki.