Yadda Za Ka Yanke Shawara Kafin Ka Musanya Libarba da Fistol

Duk wanda yake riƙe da libarba a Kano, kuma ransa ya fara raya masa ya musanya ta da fistol irin wadda take ɗora wa kanta harsashi bayan kowane harbi, ya kamata ya fara duba takardunsa kafin ya kai ga duba ƙarfe. Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Bindigar toka da sauran waɗanda ake ɗurawa ta baki, al'amarinsu yana hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Bindigogin farauta irin mai baki ɗaya ko mai baki biyu, Sufeto Janar na 'Yan Sanda ne yake ba da lasisinsu. Amma libarba da fistol duka biyu suna cikin rukunin farko, wato makaman da aka haramta, tare da bindigogin yaƙi, kuma Shugaban Ƙasa ne kaɗai doka ta ba ikon yarje wa mutum ya mallake su. Hukuncin riƙe irinsu ba da izini ba yana kaiwa ɗaurin shekara 10 ko fiye.

Abin da wannan yake nufi shi ne, musanyar ba irin ta waya ba ce da za ka shiga Farm Centre ka ajiye tsohuwa, ka cika kuɗi, ka fito da sabuwa. Lasisi yana ɗauke da bayanin bindiga guda da lambarta, ba ya bin mai shi zuwa wata bindigar, kuma sayarwa ko miƙa wa wani hannu da hannu, ba ta hanyar dillali mai rajista da amincewar hukuma ba, laifi ne a kan mai bayarwa da mai karɓa. Jami'in tsaro kuma bindigar aikinsa ta gwamnati ce, sauya ta sai ta hannun ma'ajiyar makamai ta rundunarsa. Wanda kuwa ya tsinci libarba a cikin kayan gado, ba tare da lasisi da sunansa ba, babu wata musanya a gabansa. Abin da ya dace ya yi shi ne ya nemi lauya ya shirya masa yadda za a miƙa ta ga hedikwatar 'yan sanda da ke Bompai. Sauran bayanin nan na wanda doka ta riga ta ba dama ne.

Idan ka wuce wannan mataki, sai ka tambayi kanka sau nawa kake zuwa filin koyon harbi a shekara, kuma ka ba kanka amsa tsakaninka da Allah. A ganina wannan tambaya ce take raba gardama, fiye da yawan harsashi da mutane suka fi ɗokin ambata.

Libarba tana ɗaukar harsashi 5 ko 6 a cikin gangarta mai juyawa, kuma tun lokacin da Samuel Colt ya yi rajistar ƙirarsa a 1836 tushen aikinta bai canja sosai ba: a irin ta zamani, jan kunama shi yake juya gangar, ya ɗaga gudumar, ya sake ta. Ba ta dogara da ƙarfin harsashi don ta shirya harbi na gaba, saboda haka tsohon harsashi mai rauni ba ya tsayar da ita, haka nan riƙon da bai yi ƙwari ba. Fistol kuwa da ƙarfin harbin da ya fita take aiki. Shi ne yake tura marfin sama baya, ya fitar da kwanson da ya ƙone, sannan sifirin ya dawo da marfin gaba ya ɗauko sabon harsashi daga magazin, wato gidan harsashin da ake zurawa a cikin mariƙinta. Idan wuyan hannunka ya yi laushi a lokacin harbi, ko bakin magazin ya lanƙwashe, ko harsashin ya yi rauni, sai aikin ya tsaya a tsakiya, kwanso ya maƙale. Wanda ya saba yana gyara wannan cikin ɗan lokaci, domin hannunsa ya haddace. Wanda rabonsa da atisaye ya kai shekara zai tsaya yana kallon bindigar ne kawai. Ya kamata a faɗi ɗaya gefen ma: libarba ba ta cika cijewa ba, amma ranar da ta cije, kamar idan wani ɓurɓushi ya shiga ƙarƙashin abin da yake fitar da kwanso ko gangar ta daina daidaita da bututu, sau da yawa sai ƙwararren mai gyara.

Fifikon fistol a bayyane yake. Browning Hi-Power ta 1935 tana ɗaukar harsashi 13, Beretta 92 da sojojin Amurka suka karɓa a 1985 tana ɗaukar 15, Glock 17 kuma 17, sannan sauya magazin ya fi cika ganga sauri nesa ba kusa ba. Kunamarta ma ta fi sauƙin ja: ta Glock tana buƙatar nauyin kilo biyu da rabi ko kusa da haka, ta libarba kuwa takan kai ninki biyu, shi ya sa sabon ɗalibi ya fi saurin samun saiti da fistol. Waɗannan dalilai ne suka sa rundunonin 'yan sanda da yawa a duniya suka bar libarba tun daga shekarun 1980. Sai dai ka lura cewa rundunoni ne, masu malaman horo da masu kula da makamai da kasafin kuɗin harsashin atisaye. Mutum ɗaya da ya kwaikwayi zaɓinsu ba tare da horonsu ba, rabin abin ya ɗauka.

Inda na fi so mai karatu ya tsaya ya yi nazari shi ne hatsarin cikin gida. Idan ka buɗe gangar libarba, idonka yana ganin kowane gurbi, ko da harsashi ko babu. Fistol kuwa ko ka cire magazin, harsashi ɗaya yana iya kasancewa a gindin bututu, kuma a yawancin ƙira zai tashi idan an ja kunama. Wannan kuskure ne da yake hallaka mutane wajen goge bindiga ko nuna ta ga aboki. Ƙa'idar ita ce ka fara cire magazin, sannan ka ja marfin baya, ka leƙa gurbin da idonka, ka taɓa da yatsa, bakin bindigar yana fuskantar inda babu kowa. Wanda ya juya wannan jeri, ya ja marfi kafin ya cire magazin, ya ɗora sabon harsashi ne bai sani ba. Gidajenmu kuwa cike suke da yara da almajirai da baƙi, ɗaki ɗaya mutum goma suna shiga a yini. Kowace ka zaɓa, wurinta akwatin ƙarfe mai kulle, harsashi a wani wurin dabam, mabuɗin a jikinka.

Sai batun ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu yana shigar da ƙura ko'ina, kuma idan ta haɗu da man bindiga sai ta zama dattin da yake rage gudun marfin fistol. Mai kaɗan ya isa, amma gogewa a kai a kai wajibi ce, har da magazin. Harsashi ma ba ɗaya ba ne: yawancin libarba suna cin .38 Special ko .357 Magnum, yawancin fistol kuma 9mm, don haka wanda kake da shi ba zai yi maka amfani ba bayan musanya, kuma harsashi shi ma sai da izini ake riƙe shi.

Kafin ka rubuta takardar nema, ka samu malamin horo a filin harbi da hukuma ta amince da shi, ka gwada abu uku da fistol marar harsashi: ko hannunka yana zagaye mariƙinta har yatsa ya kai kunama ba tare da ka karkatar da riƙo ba, ko kana iya jan marfin har ƙarshe sau da yawa a jere, ko kuma kana iya cika magazin da yatsunka. Dattijo mai ciwon gaɓoɓi yakan kasa jan marfi, wani kuma kunamar libarba ce take gagararsa. Gwaji ne kaɗai zai nuna maka naka. Idan hannunka ya karɓe ta, kuma kana da hanyar yin atisaye duk wata ko wata biyu, musanyar tana da ma'ana. Idan kuwa bindigar za ta koma akwati ne ta kwana shekara ba a taɓa ta ba, shawarata ka bar libarbarka, ka kai ta a duba daidaiton gangar, ka sabunta lasisinka a kan lokaci.

Idan izinin musanyar ya fito, kada ka saki tsohuwar sai a hannun dillali mai rajista ko ma'ajiyar makamai ta hukuma, tare da ragowar harsashinta a ƙirge, kuma ka karɓi takardar shaida mai ɗauke da lambar bindigar da kwanan wata da sa hannun wanda ya karɓa. Ka yi kwafinta ka ajiye dabam, domin muddin rajista tana nuna sunanka a kan wannan lamba, kai za a nema idan aka tsince ta a wani wuri.