Kafin ka biya kuɗin C300, 328i ko IS350 ta hannu a Abuja

Duk mai bin hanyar Kubwa ko hanyar filin jirgi ya san yadda suke jere a wuraren sayar da motoci: Mercedes C300, BMW 328i, Lexus IS250 da IS350, jefi-jefi Infiniti G37 ko Audi A4. Su ne matakin farko na motocin alfarma masu gudu, ƙanana, masu kwanciya a ƙasa, kuma su matashi ke fara hange da zarar albashi ya ɗan zauna. Ina son motocin nan ƙwarai. IS350 nake hawa yanzu, kafin ita na riƙe 328i. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda ake sayensu. Mutum ya tara kuɗi da guminsa, ya je ya kalli fenti da fitila, ya ji kukan salansa, ya biya. Kafin damina ta zagayo mota na kwance a Apo an lulluɓe ta da tamfol.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Motocin nan an sayar da su sababbi a Amurka a kan dala dubu talatin da wani abu. Yau farashinsu na hannu ya sauko har yana gogayya da na Camry mai shekarunsu, amma kayan gyaransu ba su sauko tare da su ba. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki naira a watan Yuni, komai nasu ya bi dala, daga fulogi har baƙin mai. Don haka kada ka kai duk abin da ka tara wajen dillali. Ni shawarata, ka ware kashi ɗaya cikin biyar ka ajiye don gyaran farko. In ragowar bai isa motar da kake so ba, to lokacinta bai yi ba tukuna.

Sai makaniki. Shi za ka fara samu kafin mota, kuma wanda ya ƙware a kan irin wadda kake nema. A Apo akwai masu Benz zalla, akwai masu BMW zalla, akwai na Toyota da Lexus. Kafin ka amince da shi, tambaye shi abin da zai yi in mota ta fara zafi. In ya ce zai cire tamostat ya haɗa fanka kai-tsaye, yi masa godiya ka ƙara gaba. Injinan nan an ƙera su ne su yi aiki a wani mataki na zafi da kwamfutar mota ke lura da shi, kuma cire tamostat ɓoye ciwon kawai yake yi ya ƙara shan mai. Haka wanda zai ɗura maka ruwan famfo a lagireto maimakon ruwan sanyaya inji. Ka biya makanikinka kuɗin rakiya daga aljihunka, kada ya jira la'ada daga wurin mai mota, don wanda ke jiran la'ada ba ya ganin aibi.

Kowace a cikinsu da ciwonta, kuma sanin ciwon shi ne rabin ciniki.

Mercedes C300 ƙirar 2008 zuwa 2014 ita ta fi yawa a gari, kayanta kuma sun fi samuwa. Injinta na farko, M272, a waɗanda aka ƙera kusan zuwa 2008, yana da wani haƙori a cikinsa da ke cinyewa, ya ɓata daidaiton sarƙar taimin. In na'urar bincike ta nuna P0016 ko P0017, ka ɗauki abin da muhimmanci, don gyaransa sai an sauke inji. Akwai kuma makullin sitiyari na lantarki. Ranar da ya mutu, za ka murɗa makulli mota ta yi shiru, ko tari ba za ta yi ba. Ka saurari ƙararsa in ka sa makulli. In yana jan jiki kafin ya buɗe, ya kusa.

BMW ta fi su daɗin tuƙi, wannan ba na ja a kansa. 328i ta 2007 zuwa 2011 tana da inji N52 mai silinda shida, lita 3, babu turbo, kuma shi na fi yarda da shi a cikin na BMW. Famfon ruwanta na lantarki ne, yakan mutu ba sallama, ga shi motar ba ta da allurar nuna zafin inji a dashbod, sai dai fitila ta kama maka bayan aski ya zo gaban goshi. Ka tambaya ko an taɓa canza shi. Ka kuma haska tocila a gaban inji, gindin matatar baƙin mai. Gaskit ɗin wurin yana yoyo, man ya ɗiga a kan bel, bel ya zame, wani lokacin har inji ya haɗiye guntayensa. 335i mai turbo biyu, inji N54, tana da ƙarfin doki 300, amma famfon fetur ɗinta ya ba da wahala har kamfanin ya kira motocin gyara a Amurka a 2010. Ba motar farawa ba ce. Ita kuwa 328i ta 2012 zuwa sama silinda huɗu ce da turbo, kuma na shekarun farko an san su da matsalar robobin da ke riƙe sarƙar taimin.

Lexus ta fi haƙuri da mu. IS250 tana da doki 204, IS350 tana da 306, kuma bambancinsu ya wuce gudu. Injin IS250 yana fesa mai kai-tsaye cikin silinda, fetur ba ya bi ta kan bawul ɗin shigar iska balle ya wanke su, sai baƙin dauɗa ya taru, mota ta riƙa karkarwa a tsaye. IS350 tana fesawa ta hanyoyi biyu, shi ya sa ba ta cika wannan ba. Abin da ya sa na zaɓe ta ke nan, duk da ta fi shan mai. Na 2006 zuwa 2008 kuma dashbod ɗinsu yana narkewa ya yi danƙo a rana, ka taɓa da hannunka ka ji.

Masu ƙofa biyu irin Nissan 370Z, Toyota 86 ko Porsche Cayman suna da kyau, amma ƙaramin abu in ya lalace sai ka jira shi daga Ladipo a Legas ko daga waje. In ba ka da wata motar ta zuwa aiki, bar su.

Yanzu ka isa gaban mota. Kafin ka buɗe ƙofa, nemi lambar VIN. Haruffa da lambobi 17 ne, tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, tana kuma jikin takardar da ke liƙe a bakin ƙofa. Su zama iri ɗaya da juna, iri ɗaya da na takardu. A motocin Amurka, harafi na goma shi ke faɗin shekara: 8 na nufin 2008, 9 na nufin 2009, A 2010, B 2011, C 2012, D 2013, haka har gaba. Wannan ya zama dole saboda sana'ar canza fuska ta yi ƙarfi. A ɗauki tsohuwa a sa mata bamba da fitilun sabuwar ƙira, a sayar da ita da kuɗin sabuwa.

Na raka ɗan yayata wani wurin sayar da motoci a hanyar Kubwa, ya ga wata baƙar C300, idonsa ya rufe. Dillali na ta zagaya ta yana shafawa: "Alhaji, 2013 ce, tokumbo, ko kwalta ba ta taka sosai ba." Na duƙa na karanta lambar ta gilashi, na ƙirga da yatsa. Na goma 8 ce. Na ce, "Malam, wannan ai 2008 ce." Ya ce, "Ranka ya daɗe, an dai ɗaga ta ne, amma komai na 2013 ne." Yaron ya ja ni gefe: "Baffa, ai ta yi kyau, kuma ya rage mana." Na buɗe masa ƙofa na nuna masa dashbod, tsohon ne, mai allon da ke ɓuya ƙarƙashin murfi. Na ce masa araha ba ta ado, muka tafi.

Da lambar nan za ka sayi rahoton tarihin motar daga Carfax ko AutoCheck, ka kuma rubuta ta a Google. Yawancin tokumbonmu daga gwanjon Copart da IAA suke fitowa, inda kamfanonin inshora ke zubar da motocin da suka yi hatsari, kuma sau da yawa hotunan ranar gwanjo suna nan a intanet. Hatsari ba duka ne abin gudu ba. Wadda aka daka ta baya ko ta gefe aka gyara da kyau, ana iya saye in farashi ya nuna haka. Wadda gabanta ya shige har jakunkunan iska suka fashe, ko wadda ruwa ya ci, ita ce ba na kusanta. Guguwar Harvey a Texas a 2017 da ta Ian a Florida a 2022 sun nutsar da motoci masu ɗimbin yawa, mu ma nan muna da namu ambaliyar a Lokogoma da Lugbe. Motar da ke cike da kwamfutoci in ta sha ruwa, ciwonta ba ya ƙarewa. Ɗaga kafet ka shinshina. Jawo bel ɗin kujera har ƙarshe ka ga ko akwai zanen laka. Leƙa ƙarafan ƙarƙashin kujera da ramin but, ka nemi tsatsa da busasshen yashi. Rahoton zai kuma nuna maka tafiyar da ta yi, ka gwada da abin da agogo ke nunawa, kana tuna cewa mil 100,000 kusan kilomita 160,000 ne.

Ka je da sassafe, ka ce kada a tayar da ita kafin ka zo, ka taɓa inji ka tabbatar da sanyi yake. Kunna ta ba tare da ka tayar ba: duk fitilun gargaɗi su kama, har ta inji da ta jakar iska. In wata ba ta kama ba, an cire ta ko an toshe. In ka tayar kuma ka ga ta jakar iska ta mutu daidai lokaci ɗaya da ta batir ko ta baƙin mai, akwai alamar rewaya ya haɗa wayoyinsu. Saurari daƙiƙun farko, nan sarƙa mai sako-sako ke kaɗawa. Shuɗin hayaƙi baƙin mai ne ke ƙonewa. Makanikinka ya jona na'ura ya karanta duka kwamfutocin, har ta giya da ta birki. In ta nuna gwaje-gwajen inji ba su kammala ba, to kwanan nan aka goge laifuffuka.

A ɗaga ta sama. Wanda ya hana a kai motarsa a ɗaga, ya ba ka amsa. A ƙasa za ka ga yoyo, walda, da ko an sare indomi, wato matatar hayaƙin da ke jikin salansa, an maye da bututu, abin da ke sa fitilar inji kamawa da warin hayaƙi. Masu jan ƙafa huɗu, wato 4Matic, xDrive ko AWD, galibi daga jihohin ƙanƙara suke, inda ake zuba gishiri a titi, kuma C300 an san ta da ruɓewar ƙarfen da ke riƙe tayoyin baya. A Abuja ba ka buƙatar mai jan ƙafa huɗu, ƙarin kayan lalacewa ne kawai.

Gwajin tuƙi kada ya tsaya a zagaya layi. Hau hanyar filin jirgi ka ji yadda giya ke shiga da yadda sitiyari ke zama in ta ɗauki gudu. Hau Mpape ka ji ƙarfinta a tudu da ƙarar ƙafafunta a gargada. Ka bar ta a tsaye da esi a kunne, na'ura na nuna zafin ruwa, kamar kana cunkoson Nyanya da yamma. Motar da za ta hau Hawan Kibo da kai zuwa Jos, gara ta nuna halinta tun a nan. Ka kuma yi wa kanka adalci game da layinku: in tuddan rage gudu da ramukan unguwarku suna kankarar cikin Corolla, wannan za ta fi shan wuya.

Takardu kuma ba wurin kunya ba ne. Tun Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, kuma daga 2022 kwastan ke ƙiyasta haraji da lambar VIN. Ka kai takardar kwastan ofishinsu a tantance kafin ka biya, don in ta bogi ce, a hannunka za a kama motar a hanya. In wadda aka hau a nan ce, sunan da ke takardu ya dace da katin shaidar mai sayarwa, a bincika rajistar 'yan sanda ko ta sata ce, a rubuta yarjejeniya da shaidu, ka biya ta banki, sannan ka je ofishin VIO da ke Mabushi a mayar da ita sunanka. Kada ka ba da kafin alƙalami don an ce wani Alhaji na hanya da kuɗi. Inshorar naira 15,000 da aka koma biya tun Janairun 2023 ɓarnar da ka yi wa wani kawai take biya, ba ta gyara taka. Ga mota mai fitila mai tsada irin wannan, cikakkiyar inshora ta cancanci a tambayi kuɗinta.

Ranar da ta zama taka, wuce da ita gareji kafin gida. A juye baƙin mai a zuba wanda ya dace, mai shaidar 229.5 ga Benz, LL-01 ga BMW, daga wurin da ka amince da shi, don jabu ya yi yawa. A canza ruwan lagireto, man birki, matatun iska da fulogi, a duba man giya. Karanta shekarar tayoyi a gefensu: lambobi huɗu na ƙarshe, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, wato 2319 mako na 23 ne a 2019. Da yawa tayoyin bayansu sun fi na gaba faɗi, ba a musanya su. BMW kuma ba ta zuwa da safaya, an yi ta ne da tayoyin da ke iya ɗan tafiya bayan sun sace. In mai ita ya riga ya sa mata na gama-gari, ka sayi safaya da jak ka jefa a but kafin ka kama hanyar Keffi.